Shaidar Maƙwabcina

Da kamfanin robobin da nake wa aiki a wajen Dakata ya rage ma'aikata, ba sallamar ce ta fi damuna ba, auren babbar 'yata ne. Akwai yaron da ke nemanta, ɗan wani gida a Badawa. Magana ta yi nisa, saura manyansa su yi bincike a kanmu su kawo kuɗi, ni kuwa ko cokali ban saya mata ba.

Ƙungiyarmu ta ma'aikata tana da asusun tallafa wa wanda ya rasa aiki. Sharaɗin shi ne kada ya zama kana da wata sana'a, kuma sai sun turo mutum unguwarku ya tabbatar. Na nema, na dawo na zauna jira. Zaman dai a baki ne, don ni ban iya zama ba. In fita bakin get, in dawo, in ɗauki waya, in ajiye. Matata ta ce na fi fanka juyi.

Da amsa ta zo, sai aka ce ban cancanta ba, wai bincike ya nuna ina harkar kwangila. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kwangilar me, ni da man mota ya gagara?

Ban sha wahalar gano mai aikin ba. A layinmu na Nassarawa GRA kowa a bayan katanga yake, mutum ɗaya ne ake samu a waje: Alhaji maƙwabcina, tsohon ma'aikacin gwamnati, kullum yana kan kujera a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Duk baƙon da ya shigo, a hannunsa yake faɗawa. Na same shi ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Alhaji, an zo tambaya a kaina?"

"An zo," ya ce yana murmushi. "Wani mai babbar riga. Ai na wanke ka tas. Na ce mutumin kirki ne, ga rufin asiri, ga kwangila."

"Alhaji, ɗan ƙungiyarmu ne fa! Talaucina ya zo gani!"

Ya riƙe baki. Shi a zatonsa dangin manemin 'yata ne suka turo. Na so in yi masa faɗa, amma ta yaya za ka zagi mutumin da ya yi ƙarya don ya rufa maka asiri?

Na ɗaukaka ƙara. Na tsaya gaban kwamiti, mutanen da muka yi shekaru muna cin abinci tare, ina rantse musu cewa ba ni da komai. Kunya ta kusa kashe ni. Suka ce za su sake turo wani, amma ba za su faɗi rana ba. Na koma wajen Alhaji na roƙe shi, duk wanda ya zo ya faɗa masa gaskiya tsirararta. Ya ce in bar masa. Ni dai hankalina bai kwanta ba, kullum ina leƙen layi.

Wata Asabar na dawo daga la'asar, ya tare ni da fara'a.

"Malam, sun zo, su biyu. Na gaya musu an kore ka, haya ma da ƙyar, motar nan saura kaɗan a sayar. Har ɗayan ya girgiza kai."

Na yi masa godiya. Sai ranar Litinin na ga ɗan ƙungiyarmu a ƙofar Alhaji, shi kaɗai, yana tambayar gidana. Nan take na gane su waye na ranar Asabar: dangin manemin 'yata ne.

Tallafin ya fito. Na sayi gado da katifa na jingine a falo, na ci gaba da zirga-zirga tsakanin ɗaki da get. Daga Badawa shiru. Ina ta gaya wa matata ƙila shiri suke yi.

Rannan ina tsaye ina leƙen layi, 'yata ta kawo mini ruwa. Ta jira na sha, ta karɓi kofin.

"Baba, ka shigo ka zauna," ta ce. "Ya kira ni tun wancan makon. Ba za su zo ba."