Zani a Layin Famfo

Kawuna, ƙanin Inna, ya baro aikin soja da ciwon gwiwa da kuma judo. Ni ya ga dama ya koya wa, saboda 'yan maza na gidanmu a unguwar Maamobi ba su da haƙurin faɗuwa sau goma kafin su iya abu ɗaya. Inna ta ce ba ta taɓa jin inda aka koya wa 'ya mace kokawa ba, amma tun da ƙaninta ne ta zuba ido.

A unguwarmu duk namijin da ke son wulaƙanta mace zaninta yake kamawa. Ita kuma sai ta riƙe ta ja baya, ja bayan nan ne ke kwance ɗaurin. Kawu ya hana ni. Ya ce in danne hannun mutum a kan zanin, in shiga jikinsa, in juya masa ƙugu, nauyinsa zai ƙarasa aikin. Da Hausarsa ta zango da ba ta san mace da namiji ba yake cewa, "Kar ka ja, 'yata. Bi shi."

Wata safiya ruwa ya zo bayan ya daɗe a ɗauke, layin famfo ya kai har bakin gota, wato kwata. Wani ƙato mai ɗebo wa masu sayar da waakye, shinkafa da wake, ruwa ya ture bokitina ya ajiye garwarsa. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba, na faɗa masa abin da ya sa layin ya kwashe da dariya. Sai ya damƙi zanina a ƙugu. Babu komai a ƙarƙashi sai ɗan siket, ga mazan unguwa zaune a benci suna kallo. Na ji tsoro ƙwarai.

Na danne hannunsa, na shiga, na juya. Ban ji nauyinsa ba ma, ƙarar garwa kawai na ji, sai ga shi kwance a caɓi yana kallon sama.

Na shafa ƙuguna, ɗaurin na nan yadda na yi shi a gida. Sai a lokacin na zauna kan bokiti ina kuka. Matan layin suka matso suka kewaye ni, suka ba maza baya har na gama.