Furen da Kawu Ya Ce Sai Baɗi

Sanyi ya shigo Dubai, har na kashe AC na buɗe ƙofar baranda. Ranar Asabar na sayo irin fure a unguwar Karama, na cika robar yogot da ƙasa. Irin ƙanana ne kamar garin barkono, sun ƙi ɗaukuwa. Ban san lokacin da na lashi yatsana na dangwalo su ba. Nan hannuna ya tsaya, domin na tuna haka Kawu, yayan mahaifiyata, yake yi.

Zuwana gida na ƙarshe, na same shi tsugune gaban wani tsohon baho, wurin yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da takin awaki. Da ya gan ni, sai ya miƙo min ƙullin irin.

"Zo ki barbaɗa min. Kar ki binne su da zurfi, suna son haske."

"Kawu, yaushe za su yi fure?"

"Sai baɗi. Amma in suka kama, kowace shekara za su dawo."

"Har baɗi? Wa zai jira?"

Ya yi dariya. "Ni mana. Ina za ni?"

Kafin damina ya rasu. Ban samu hutu a wurin aiki ba, a waya na yi ta'aziyya, ina tsaye a tashar jirgin ƙasa na metro. Har yau na kasa tambayar kowa ko an ci gaba da ba bahon nan ruwa.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu, Ya sa kana cikin inuwa.