Ranar Da Na Kasa Amsa Taken Mahaifina

Shekarun baya can, a kakar da jirgin ƙasa ya fara kuka a bayan ganuwa, ni ne ɗan damben da mahautan Mandawari ke taƙama da shi. Kada ku dubi wannan tumbin, a lokacin ƙirji ne a gaba. Kaka huɗu ina shiga fage ba a taɓa kai ni ƙasa ba, kuma kun san a dambe da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan.

Abin da na fi ji da shi take ne, wato kiɗan kalangun da in an buga kowa ya san wa ake kira. Nawa gadon mahaifina ne. Da ya rasu, tsohon makaɗinsa ya ajiye taken shekara tara bai buga wa kowa ba, sai ranar da na fara ɗaura zare a hannu. In na ji shi tsuma nake yi, ban ma san sanda nake miƙewa ba.

Sai ga wani baƙo cikin masu dakon gyaɗa, siriri, bahago. Wallahi da na gan shi har tausayinsa na ji. A turmi na biyu ina neman inda zan ajiye masa hannu, sai kawai na ji yashi a bakina, jama'a na ihu a kaina. Ciwon ba wani abu ba ne, leɓe ne ya fashe, kwana uku ya warke. Amma daga ranar, ko rufe ido na yi, hannun hagun nan nake gani yana tahowa.

Na daina zuwa fage, na lafe a rumfa ina saran ƙashi. Abokina, wanda muke fawa tare, ya yi lallashi, ya yi zagi, duk a banza. Mahaifiyata kuwa, da yake ni ɗan fari ne, ba ta yi mini magana kai tsaye. Wata safiya tana tankaɗe, ta dubi bango ta ce shi kansa mai taken na asali sau nawa ta gasa masa fuska da ruwan ɗumi, gari ya waye ya koma fage. Na ɗauka lallashi ne irin na uwa, ban saurara ba.

Rannan tsohon makaɗin ya zo har rumfa, ya ce bahagon zai fito a Gwale ranar Juma'a bayan la'asar.

"Ba cewa na yi ka kashe shi ba, ɗan nan. Ka dai tashi. Sau uku zan kira ka, ba na yi wa mutum na huɗu."

Na ce, "To, Baba."

Na je, har zaren na ɗaura. Bahagon ya fito ya ɗaga hannu, tsohon ya buga taken. Na jira tsuma ta zo, shiru. Ya sake bugawa, ya matso har ina jin kalangun a haƙarƙarina, mutanenmu suka dare suka ba ni hanya. Ƙafafuna suka ƙi. A na uku na sunkuyar da kai ina ta jan bakin zare, wai ni a dole ya kwance ne. Tsoro ne kawai, ba na ɓoye muku.

Don ya rufa mana asiri, abokina ya zabura ya shiga. Mutumin da ko rabina bai kai ba! Turmi ɗaya bahagon ya shimfiɗe shi. Ya tashi yana tofar da yashi yana dariya, ya ce a sake. Tsohon ya juya mini baya, ya bi abokina da taken mahaifina har ƙarshen fage.

Washegari abokina ya zo hankali a tashe, ya ce mu je mu ba tsohon haƙuri a mayar mini da abina. Na ce ya bari. Ni na san ko an mayar ba zan tashi ba, kuma ban ƙara ɗaura zare ba har yau.

Na daɗe ina ɗora wa bahagon laifi, alhali sau ɗaya tak ya kai ni ƙasa. Ƙarfi na koya, ban taɓa koyon faɗuwa ba, shi ya sa da ta zo ban san yadda ake tashi ba. Mutane sun manta, abokina ma ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa ake buga wa taken yanzu. Ni dai abin bai sake ni ba.

Bara da kaka masu kalangu suka wuce ta gaban rumfata suna buga shi. Hannuna ya dunƙule da kansa a kan wuƙa. Babban ɗana yana gefe yana fiɗa, ya ce kiɗan nan da daɗi yake, na wane gida ne?

Na ce masa na gidan abokina ne, na ci gaba da yankan nama.