Ƙoƙon Awon Inna

Shekarar da ciwon suga ya kwantar da Inna, likita ya rage mata tuwo, ya ce a riƙa dama mata wani hatsin gwangwani wai shi ots, giram arba'in kowace safiya. In ba ta ci ba maganin zai kayar da ita, in ta zarce sugan ya hau. Na baro ɗakina a Bici na dawo ƙauye jinya, ina ta mita a zuci. Mu da muka tashi da mudu da tiya, ina muka san wani giram?

Ranar kasuwar Ɗambatta na kai gwangwanin wurin wani mai sayar da irin shuka, ya auna mini a ƙaramin sikelinsa, ya ƙulle a leda. Da na dawo na baje ƙananan mazubai na gidan a tabarma ina gwadawa. Abin ba nauyi sai cika ido. Ludayi ya yi kaɗan, kofin shayi ya yi yawa, gwangwanin madara kuwa ba baki ba wuya. Har na fara tsaki.

Inna tana kwance tana kallon ƙullin. Can ta ce in jawo kwallar da ke ƙarƙashin gadonta, in duba can ƙasa. Wani ɗan ƙoƙo na samu naɗe a tsumma, ya yi baƙi don tsufa, da ɗinki a gefensa. Na juye ledar a ciki, ya cika daidai baki, ko ƙwaya ba ta zube ba. Tsigar jikina ta tashi, ban san dalili ba.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta faɗa mini a bakin murhu. Ƙoƙon na ɗan farin Inna ne, wanda ya rasu tun ba a haife ni ba. An kai shi yaye gidan kaka da ƙoƙonsa, ya ƙi kunu, ya yi ta ƙi, sai ƙoƙon aka dawo mata da shi. Kunyar ɗan fari ta hana ta kuka a gaban mutane, kamar yadda ta hana ta kiran sunansa. Ni ma har yau ban san sunan ba.

Daga nan kullum na auna na dama, sai Inna ta karɓi ƙoƙon ta cika shi daga kwanonta, ta rufe da faifai ta ajiye a gindin gado, ta sha ɗan abin da ya rage. Na yi lallashi, na yi faɗa. Na ce giram arba'in aka ce, ba ashirin ba. Na ninka awon a ɓoye, ta dubi kwanon sau ɗaya ta ture shi. Tana ta ramewa, ni kuwa kullum da hantsi ina juye wa kaji kunun da ya sandare, ina jin haushin yaron da ban taɓa gani ba. Tsoro nake ji, shi ya sa bakina ya yi zafi.

Wata safiya cikin kaka, ana jin sussukar gero daga maƙwabta, na shiga ɗaukar kwanuka na tarar da faifan a gefe. Ƙoƙon yana hannunta, ta shanye tas har ta suɗe da yatsa.

"Yau dai ya karɓa," in ji ta.

Na fita da murna na nuna wa Gwaggo. Ta daɗe tana duban cikin ƙoƙon. Sai ta ɗauki tsintsiya ta fara share tsakar gida kamar mai jiran taron jama'a, sannan ta ce in aika a gaya wa yayyena maza su taho, kada su jira sai Juma'ar da suka saba zuwa.