Malam da Dodonsa Mai Taurin Rai

Shekara talatin da biyar maigidana ya yi yana koyar da 'yan aji huɗu a firamare, shi ya sa kowa ke ce masa Malam, har ni. Ranar da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo. Ya rataye su a falo, ya zauna a ƙarƙashinsu, ya rasa abin yi. Wata uku ya yi yana gyara mini yadda nake jera kofuna.

'Ya'yanmu huɗu duk sun watse. Auta, ƙaramarsu, nas ce a wani gari mai nisa, kuma ita ce 'yar lelen Malam. Sai dai hirarsu a waya ba ta taɓa wuce minti biyu ba. Lafiya? Lafiya. Ya aiki? Da godiya. To ga mamanki. Ba rashin ƙauna ba ne, ba su iya hira ba ne su duka biyun, gado ta yi.

Da ta zo hutu sai ta bar masa tsohuwar na'urar wasanta, mai allo kamar tafin hannu. Wasan kama dodanni ne. Ka shiga daji ka kamo su, ka raine su, sannan ka haɗa su faɗa da na wani, ko da yana wata uwa duniya. Ta ce duk Lahadi da yamma za ta kira shi su kara. Ni na ɗauka a aljihun tebur abin zai ƙare. Washegari na iske Malam da tabarau a kan hanci, ya buɗe sabuwar rajista, ya ja layuka da jan biro, yana kiran sunayen dodanni.

Ban taɓa riƙe na'urar ba, amma an yi mini darasin har na haddace. Kowane dodo yana da fanni shida: ƙarfin bugu, gudu, taurin jiki, yawan jini, da wasu biyu da ba su dame ni ba. Akwai makin horo ɗari biyar da za ka raba masa a cikinsu, in sun ƙare sun ƙare. Kuma wahala ake sha a same su. In gudu kake so, sai ka sa dodon ya yi ta bugun ƙananan tsuntsaye masu sauri, ɗaya bayan ɗaya. In taurin jiki ne, ka kai shi kogo ya yi ta fama da masu jikin dutse. Masu shiga gasa fanni biyu suke zuba wa makin duka, su watsar da sauran.

Malam ya ce wannan zalunci ne. A ajinsa ba a taɓa barin yaro ya ci lissafi ya faɗi rubutu ba. Ya raba ɗari biyar gida shida, ragowar biyun ya kwana biyu yana tunanin wanda ya fi cancanta. Babban dodonsa, wani mai kama da kunkuru da ƙaho, ya sa masa suna Monita. Monita ya tashi bai iya gudu ba, bai iya bugu ba, amma babu darasin da ya faɗi.

Duk Lahadi Auta sai ta lallasa shi. Suna buɗe muryar waya su ajiye a kan tebur, faɗan ya ɗauki kamar minti ashirin, tana yi masa faɗa yana kare kansa. A tsakani magana takan zame mata: rufin ɗakinta na yoyo, an sauya mata sashe a asibiti. Tun safiyar Lahadi Malam ke sa wayar a caji, ko da a cike take.

Bayan wata huɗu, wata Lahadi ta yi hamma ta ce, "Baba, wallahi kafin mu fara na san yadda za a ƙare. Ko mu mayar da shi sau ɗaya a wata?"

"To," in ji Malam.

Ranar bai taɓa abincinsa ba. Na ji haushinta, na ji haushinsa, don kalma ɗaya zai faɗa ta fasa, amma Malam ba zai faɗa ba.

Da safe ya ɗauki rajistarsa ya tafi shagon mai aski na bakin layi. Mai askin nan ya haura arba'in, ga sanƙo ga 'ya'ya biyar, kuma an ce babu mai ja da shi a gasar dodanni da ake yi a ɗakin wasanni. Tsohon ɗalibin Malam ne, wanda ya taɓa sawa ya maimaita aji huɗu. Na bi shi da sunan zan sayi sabulu a shagon kusa, don haka da kunnena na ji.

Mai aski ya duba shafin Monita ya daɗe. "Ranka ya daɗe, wannan ai ba dodo ba ne, ma'aikacin ofis ne. Ka kamo sabo. Rabi a gudu, rabi a bugu."

"Sauran fannonin fa?"

"Sifiri."

"Sifiri?"

"Sifiri, Malam. Wanda ya riga bugu me zai yi da taurin jiki?"

Na ga Malam ya rubuta sifiri huɗu da jan biro, da hannunsa, a gaban sunan sabon dodon da bai yi laifin komai ba. Mai aski yana tsaye a kansa da almakashi yana cewa a gyara wannan layin. Ina jin shekara talatin ya yi yana jiran ranar.

Sabon dodon siriri ne kamar ƙadangare. Wata guda cur yana bugun tsuntsaye, guda ɗari biyu da hamsin, Malam na yi wa kowanne alama a rajista. In na kira shi cin abinci sai ya ce saura tsuntsu bakwai.

Lahadin ta zo. Ya sa farar riga, ya zauna, waya ta yi ƙara. Minti uku aka yi, dodannin Auta uku suka zube.

"Kai, Baba! Wa ya koya maka?"

"Bincike," in ji shi.

"Lallai! To mu koma duk mako, sai na rama. Bari in je in yi wanki tunda an gama da wuri."

Ta kashe. Ya zauna riƙe da na'urar yana kallon waya. Na ce, "Malam, ka ci?" Ya ce ya ci. Na ce Allah ya sanya alheri. Mako na gaba ta zo da wanda ya fi nasa gudu, ta gama da shi a minti biyu, ta ce a gaishe ni. Lahadin ta dawo masa, amma babu komai a cikinta. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, sai na tafi na jera kofuna ba daidai ba ko zai samu abin yi. Bai ko duba ba.

Ya koma wajen mai aski. Wannan karon ban nemi dalilin sabulu ba, tare muka shiga.

"Wane dodo ne ya fi daɗewa bai mutu ba?"

Mai aski ya ɓata fuska. Ya ce akwai wani ƙato mai kama da buhu, a zuba masa makin duka a jini da taurin jiki, ga shi yana iya warkar da kansa. Ba ya kashe kowa, ba ya mutuwa. A gasa zagin masu zuwa da shi ake yi.

"Minti nawa yake kaiwa?"

"Ranka ya daɗe, sai ya kai awa."

Malam ya buɗe sabon shafi. Mako uku buhun nan ya yi a kogo.

Ranar da ya fito da shi, Auta ta buga, buhu ya warke. Ta sake bugawa, ya sake warkewa. "Baba, wannan wace irin mugunta ce?" Malam ya ce dokar wasa ba ta hana ba. A minti na ashirin muka ji tana yanka albasa, tana danna na'urar da hannu ɗaya. A na talatin ta ce haƙorinta na ciwo tun wancan watan. A na arba'in da biyar muryarta ta sauya. Ta ce wani tsoho da ta yi wata biyu tana jinya ya rasu ranar Laraba a hannunta, babbar nas ta ce ta wanke fuska ta koma aiki, kuma ba ta gaya wa kowa ba sai yanzu. Ina bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, hawaye na zubo mini.

Ta ja hanci ta ce, "Baba, ka dai san ba za ka taɓa cin wasa da wannan abin ba ko?"

"Na sani," in ji Malam. Ya gyara tabarau, ya sake danna wajen warkarwa. "Tsohon nan, yana da 'ya'ya?"