Mai Wankan Gawa a Gidan Kallo

Ni ne da laifi, ba Kawu Bukar ba. Na faɗa tun da fari don kada wani ya tsaya kare ni.

Ku da kuka san ƙanin mahaifiyata kun san aikinsa wankan gawa. Tun kafin a haife ni, duk namijin da ya rasu a unguwarmu a nan Haɗeja ta hannunsa yake bi. Kun kuma san da an yi la'asar yana gidan kallon Isiya, a kan kujerar da yake zuwa da ita daga gida, hancinsa kamar zai taɓa talabijin. Kowa labari yake bi, shi kuwa jira yake wani ya mutu.

"Ga shi nan, yana numfashi! Ku dubi cikinsa! Wallahi in aka kawo mini wannan, koko zan ba shi."

Wata rana aka sa wani fim mai ban tausayi, manyan maza suna ta jan majina. Kawu ya juyo.

"Labarin ya ginu, uwar nan kuma ta iya. Amma ihun ya yi yawa. Wanda aka yi wa mutuwar gaske takalminsa yake ta nema, alhali yana ƙafarsa."

Isiya ya ce, "Haba Kawu, kasuwata fa!"

Na barkwanci kuwa tambayarsa ɗaya ce: wa ake yi wa dariya? In mai mulki ne, ya yi ta ƙyaƙyatawa har hularsa ta faɗi. In kurma ne ko baƙauye, ya ɗauki kujerarsa ya tafi yana cewa, "Wannan duka ne, sanda kawai suka ɓoye."

Ni tela ne, karatuna bai yi nisa ba, amma na iya kwaikwayon mutane. Sai muka haɗa namu fim ɗin da waya, ni da abokaina. Na fito a mai wankan gawa, da tafiyar Kawu da muryarsa, wanda in ya gama aiki sai ya zauna wajen mai shayi yana tona asirin mamaci: wane yana da layu, wane duk jikinsa tabo. Fim ɗin ya yi ta yawo a wayoyi har Guri da Birniwa.

Ranar da Isiya ya sa shi a gidan kallo, Kawu ya kalla har ƙarshe.

"Habu, tafiyar ta yi, har ni na ɗauka ni ne. Sautin ba kyau, iska ta cinye rabin maganarku. Gawarku ta yi atishawa. Sannan ka fara wanka ta hagu, ta dama ake farawa."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

"Babban aibinsa, ka ba mutane dariya da abin da suke tsoro. Mai wanka ba ya faɗin abin da ya gani, ko matarsa ba ya gaya wa. Yanzu kowa zai koma gida ya tuna ubansa."

Haka aka yi. Aka daina kiransa. Sai ya ji an yi rasuwa, ya shirya bokiti da ganyen magarya ya zauna a zaure, har a wuce da makara ta ƙofarsa. Ina gani, girman kai ya hana ni tsallaka titi.

Da damina, ruwan kogi ya kewaye unguwa, Kawu ya rasu da hantsi. Liman ya aiko a kira ni.

"Wasiyya ya bari. Ya ce kai za ka wanke shi, wai ka fi kowa iya kwaikwayonsa."

Muka shiga ɗakin, ni da Liman. Bokitin na cike, magaryar a dake, alhali iyalinsa sun ce kwana huɗu bai iya tashi ba, kuma ba wanda ya ɗebo. Na kama hannunsa na hagu. Wallahi ya ƙi ɗaguwa, kamar an dasa shi a ƙasa. Na sake gwadawa, ya ƙi. Da na zagaya na taɓa na dama, sai ya taho da laushi, yatsun suka kwanta a tafina.

"Sanƙarewa ce," in ji Liman. Amma bai bar bakin ƙofa ba har na gama.

Abin da na gani a jikin Kawu ba zan faɗa ba.

A kwalekwale muka kai shi tudu. Da aka mayar da ƙasa, kafin mutane su watse, na miƙe na ce:

"Jama'a, ƙarya na yi wa bawan Allahn nan. Bai taɓa tona asirin mamacin kowa ba, ni na ƙirƙira don a yi mini tafi. Wanda yake da fim ɗin a wayarsa, don Allah ya goge."

Sannan na durƙusa a gefen kabarin.

"Kawu, na zo a makare. Ka yafe mini. Allah Ya rufa maka asiri yadda ka rufa na iyayenmu, Ya sanyaya makwancinka."