Illiyasu Ya Bar Tasha

Shekara goma sha tara Illiyasu ya yi yana kamasho a tashar motocin arewa da ke Sokodé, a ƙasar Togo. Tun yana saurayi ya zo daga Dosso, ya samu aikin ya riƙe. Shi ke kiran fasinjan Dapaong, shi ya san motar da za ta fara cika, kuma a hannunsa mata 'yan kasuwa ke barin saƙo: buhun gari, kwalin sabulu, wani lokaci har akuya.

Da wani kamfani ya kawo manhajar kiran babur ta waya, Illiyasu bai ko ɗaga kai ba. Ya ce rigimar 'yan acaɓa ce, ba ta shafe shi ba. Bayan shekara guda manhajar ta fara karɓar saƙo. Matan suka rage zuwa, tunda mai babur na iya ɗauka daga ƙofar gida. Ba a jima ba ta fara sayar da kujerar mota. Fasinja ya zo da lambarsa a waya, ya wuce Illiyasu ko sallama babu, ya shiga ya zauna.

Wahab, direban da suka fi shaƙuwa, ya gaya masa kamfanin na neman wanda ya san direbobi, ya riƙe musu ɗakin ajiyar kaya a Dapaong. Kwana uku Illiyasu yana juya zancen a ransa. Matarsa Shetu ce ta yanke maganar.

"Malam, muryarka ma ta gaji da kiran fasinja. Je ka gwada."

Ya tafi shi kaɗai, ya bar ta da yara saboda makaranta. Ɗakin kwantena ce a bakin titi, da rana kamar tanda. Aikinsa ya haska kwali da waya, ta yi ƙara, ya miƙa wa mai babur ko mai keke. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, sai ya nisanta wayar yana ƙanƙance ido. Bara an ƙaro masa tukwanen gas. Bana an ce har kayan gyaran mota za su zo.

Da ƙaramar salla bai samu zuwa gida ba, don lokacin kaya suka fi yawa. Shetu ta kira ta tambaye shi ko su taso su same shi in an yi hutu. Ya ce ta dakata tukuna. Ya ji ana cewa za a buɗe wani ɗakin a can garin Mandouri, kuma bai san wanda za a tura ba.